Alƙalin Wasa da Na'urar Bitar Hukunci

 

Mas'alar da za mu ɗauka yau, ko da yake a zahiri ta wasa ce, wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ranar da manyan ƙungiyoyi suka haɗu, ko ya ratsa ta wata fada bayan an tashi daga kallo, ya ji yadda muryoyi ke tashi a kan shayi har tsakar dare, wannan na rantsuwa an zalunce su, wancan na rantsuwa gaskiya aka yi, ya san abin ya wuce wasa, domin yana raba aboki da aboki, wani lokaci ma ya haɗa unguwa da unguwa husuma. Mas'alar kuwa ita ce hukuncin alƙalin wasa, da kuma na'urar nan ta bidiyo da ake kira VAR, wadda aka ƙago domin ta taimake shi. Tambayar da samari ke yi ita ce: tun da ga na'ura mai ganin kome, me ya sa har yanzu gardama ba ta ƙare ba? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ta cancanci a amsa ta da natsuwa.

Mu fara da halin da alƙalin wasa ke ciki. Mutum ne guda, mai ido biyu, a tsakiyar ƴan wasa ashirin da biyu, a fili mai tsawon kimanin mita ɗari, yana gudu minti casa'in, kuma ana bukatar ya ga abin da ya auku cikin ƙiftawar ido, ya auna shi da doka, ya yanke hukunci nan take, alhali wanda aka yi wa laifin yana ƙara wa abin gishiri, wanda ya yi laifin yana musu, dubban mutane kuma suna ihu a kansa. Dokokin wasan, waɗanda guda goma sha bakwai ne, kuma majalisar nan ta IFAB da aka kafa a 1886 ita ke tsare da su, sun ba shi kalma ta ƙarshe a kan duk abin da ya auku a fili, ba don ba ya kuskure ba, sai don idan babu mai kalma ta ƙarshe to babu wasa, sai hayaniya.

Amma ɗan Adam ajizi ne, kuma tarihin ƙwallo cike yake da shaidar haka. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1966, a birnin Landan, Geoff Hurst na Ingila ya buga ƙwallo ta daki sandar sama ta faɗo ƙasa, mai tuta ya ce ta shiga, Jamusawa suka ce ba ta shiga ba, har yau ba a daidaita ba. A 1986, a Meziko, Maradona na Ajantina ya tura ƙwallo ragar Ingila da hannu a gaban duniya, alƙalin wasan, Ali Bin Nasser na Tunisiya, bai gani ba, aka fitar da Ingila. Wanda ya fi kusa da mu kuwa shi ne na ranar 13 ga Fabrairu 2000 a Legas, a wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kamaru, inda bayan an tashi biyu da biyu aka shiga bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda samari ke ce wa penalti, Victor Ikpeba na Najeriya ya buga ta daki sanda ta sauka bayan layi ta fito, alƙali ya ce ba ta shiga ba, Kamaru ta tafi da kofi, alhali hoton talabijin ya nuna wa na gida abin da ya ɓuya ga na fili. Da irin wannan ya sake faruwa ga Lampard na Ingila a wasansu da Jamus a Afirka ta Kudu a 2010, sai hukumar FIFA ta ga ba sauran uzuri, aka shigo da na'urar da ke sanar da alƙali ko ƙwallo ta ƙetare layin raga, aka yi aiki da ita a kofin duniya na 2014 a Brazil. Daga nan ƙofa ta buɗe, har a watan Maris na 2018 aka shigar da bitar bidiyo cikin dokokin wasa, aka kuma yi kofin duniya na Rasha da ita a wannan shekara. A kofin Afirka kuwa ta fara aiki a Masar a 2019, daga zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, kana a gasar Kamaru aka yi amfani da ita a dukan wasanni.

Yanzu bari mu bayyana yadda take aiki, domin rabin gardamar da ake yi a gidajen kallo rashin sanin wannan ne ke kawo ta. Akwai wani ɗaki mai allunan talabijin da yawa, inda wani alƙali ƙwararre da mataimakansa ke zaune suna kallon wasan ta kusurwoyi dabam-dabam, suna kuma iya magana da alƙalin fili ta ƴar na'urar da ke kunnensa. Ba a kafa su don su tsoma baki a kowane abu ba; asalin ƙa'idar ta taƙaita aikinsu ga al'amura huɗu: ko ƙwallon da ta shiga raga halattacciya ce, ko akwai penalti ko babu, ko laifi ya kai na jan kati kai tsaye, da kuma idan alƙali ya ba wani kati a maimakon wanda ya yi laifin. A cikin waɗannan ɗin ma ba su da izinin tsayar da shi sai idan kuskuren bayyananne ne wanda babu shubuha a cikinsa, ko kuwa wani babban abu ya auku bai gani ba sam. Idan suka kira shi, sai ya zana alamar allo da hannuwansa, ya tafi gefen fili ya duba da idonsa, in ya ga dama ya sauya, in ya ga dama ya tabbata a kan hukuncinsa na farko. Wato dai har bayan zuwan na'ura, kalma ta ƙarshe tana nan a bakin mutumin da ke riƙe da usur.

To, a nan ne zuciyar maganarmu take, kuma muna roƙon masu saurare su ba mu hankalinsu. Abubuwan da alƙali ke hukunci a kansu iri biyu ne. Iri na farko shi ne abin da ko dai ya auku ko bai auku ba: ƙwallo ta ƙetare layi ko ba ta ƙetare ba, ɗan wasa ya yi satar gida ko bai yi ba, laifi a cikin da'irar gida aka yi shi ko a waje. Wannan iri shaida yake bukata, kuma babu shaidar da ta kai hoto, gani ya kori ji. Iri na biyu shi ne abin da kowa ya gan shi, babu saɓani a kan aukuwarsa, amma sai an auna shi da hankali kafin a san matsayinsa: ƙwallo ta taɓa hannu, to hannun ne ya nufi ƙwallo ko ƙwallon ce ta sami hannu a inda ya kamata ya kasance? An yi karo, to turewa ce ko kafaɗa da kafaɗa? An kai ƙafa, to ganganci ne ko neman ƙwallo? Wannan iri ijtihadi yake bukata, kuma ko an maimaita hoton sau ɗari, masu adalci biyu suna iya kallonsa su saɓa.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da rarrabe waɗannan biyu a babin alƙalanci, kuma ko da yake shari'a ta fi ƙarfin a gwada ta da wasa, hikimar da ke cikin ƙa'idarsu tana haskaka mana hanya. Sun karantar da cewa hukuncin da ya saɓa wa nassi bayyananne ana warware shi, kuma alƙali ba ya jin kunyar komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa bayan ya riga ya yanke, kamar yadda Sayyidina Umar ya hori Abu Musa al-Ash'ari a wasiƙarsa mashahuriya. Sun kuma karantar da cewa hukuncin da aka gina a kan ijtihadi ba a rushe shi don kawai wani mai ijtihadin ya ga saɓaninsa, domin da za a buɗe wannan ƙofa da babu hukuncin da zai taɓa tabbata. Waɗanda suka tsara VAR, da suka ce kada a taɓa hukuncin alƙali sai kuskure ya bayyana ƙarara, a kan irin wannan ma'auni suka tsaya. Na'ura shaida ce, shaida kuwa ba ta yanke hukunci.

Misalin da ya fi dacewa da mu ɗan ƙasarmu ne. A kofin duniya na 1998 a Faransa, marigayi Lucien Bouchardeau na Nijar shi ya busa wasan Italiya da Chile a birnin Bordo ranar 11 ga Yuni, kuma wannan ba ƙaramar ɗaukaka ba ce ga ƙasarmu. Chile tana gaba da ci biyu da ɗaya, saura mintoci kaɗan a tashi, Roberto Baggio ya buga ƙwallo daga kusa ta sami hannun Ronald Fuentes, alƙali ya nuna penalti, Baggio ya ci, aka tashi biyu da biyu. Mutanen Chile suka ce ɗan wasansu ba shi da lokacin janye hannu, waɗansu suka ce hannu dai hannu ne. Mu tambayi kanmu: da akwai VAR a ranar, me za ta ƙara? Za ta nuna ƙwallo ta taɓa hannu, abin da babu wanda ya musa tun farko. Ba za ta nuna abin da ke zuciyar Fuentes ba, kuma da alƙali ya je allo ya dawo, kowane hukunci ya yanke sai wani ɓangare ya yi kuka. Shekara ashirin bayan haka aka ga tabbacin wannan, a wasan Najeriya da Ajantina a Rasha, inda ƙwallo ta sauka daga kan Marcos Rojo na Ajantina ta taɓa hannunsa, alƙali ɗan Turkiyya ya je ya duba allo da idonsa, ya dawo ya ce babu penalti, Ajantina ta ci biyu da ɗaya, kuma har yau akwai waɗanda ba su huce ba.

Kada a fahimci cewa muna raina na'urar, domin insafi ya wajabta a faɗi alherinta. A wasan kusa da ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu a birnin Buwake na Kotdibuwa, ranar 7 ga Fabrairu 2024, Najeriya tana gaba da ci ɗaya, Osimhen ya ƙara na biyu, gidajen kallo suka kaure da murna, sai aka kira alƙali allo, aka nuna masa cewa tun kafin harin ya fara an yi wa ɗan Afirka ta Kudu ƙeta a cikin da'irar Najeriya. Ya soke ƙwallon, ya ba Afirka ta Kudu penalti, suka rama. Hukunci ne mai ɗaci ga masoyan Najeriya, amma adalci ne, kuma da suka yi nasara daga baya a bugun penalti sai nasarar ta zo da tsarki, babu mai cewa an ba su. Wannan shi ne aikin shaida ta gari, ta faɗi abin da ta gani ko da a kan wanda jama'a ke so.

Amma akwai abubuwa uku da suka fi ƙarfinta. Na farko, ita kanta tana lalacewa. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka na 2019, a Tunisiya, tsakanin Espérance da Wydad ta Maroko, an soke ƙwallon Wydad bisa zargin satar gida, suka nemi a duba na'ura, ashe ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba da wasa, aka yi ta jira fiye da sa'a guda, aka watse, magana ta kai har kotun wasanni ta duniya kafin kofi ya tabbata ga Espérance. Na biyu, ba ta kawar da rauni irin na ɗan Adam. A Janairun 2022, a garin Limbe na Kamaru, ga na'ura a fili, amma alƙali Janny Sikazwe na Zambiya ya busa tashi a minti na 85 a wasan Mali da Tunisiya, aka dawo, ya sake busawa kafin minti casa'in su cika. A Ingila ma, a 2023, an soke halattacciyar ƙwallon Luis Díaz na Liverpool a gidan Tottenham, domin na ɗaki da na fili ba su fahimci juna ba. Na uku, wanda ya fi duka muni, ba ta gyara zuciyar da ta ci amana. A 2016 alƙali Joseph Lamptey na Gana ya ba Afirka ta Kudu penalti a kan Senegal wai an taɓa da hannu, alhali a gwiwar Koulibaly na Senegal ƙwallo ta daka. FIFA ta bincika, ta kore shi daga harkar har abada, ta sa aka sake wasan. Kada kuma mu ce abin na nesa ne, domin a Janairun 2019 irin wannan hukunci ya faɗa kan wani alƙali ɗan Nijar, Ibrahim Chaibou, saboda karɓar rashawa. Mai cin hanci, in aka ɗauke shi daga fili aka zaunar da shi gaban allo, halinsa zai bi shi can.

To, jama'a, mu dawo gida. Filayenmu na Dogon Kiriya da Matankari da Tibiri, inda samari ke gasar babban hutu a kan rairayi, wani lokaci layin ma da toka ko da ƙafa ake ja, ba su da kyamarori, kuma babu mai hankalin da zai ce a nemo su alhali akwai bukatun da suka fi su. Alƙalinmu malamin makaranta ne, ko wani tsohon ɗan wasa da ya yarda ya ɗauki usur don zumunci, sau da yawa ba tare da ko sisi ba. Abin baƙin ciki shi ne yaranmu suna kallon yadda ake bitar hukunci a Turai, sai su zo filin gari da tsammanin irin wannan yaƙini daga mutumin da ba shi da kome sai idonsa, in ya saɓa musu a zage shi, a kewaye shi, wani lokaci a kai ga jifa, wasan da aka shirya don sada zumunci tsakanin ƙauyuka biyu ya koma sanadin gaba. Mu da muka san filin kokowa mun san cewa idan ƙarfi ya zo ɗaya, kaye ya zo da rikici, kowane ɓangare yakan ga abin da zuciyarsa ke so, shi ya sa ake naɗa alƙali tun kafin a kama. Haka abin yake a ƙwallo.

Abin da ke hannunmu, wanda ba ya bukatar lantarki, shi ne ilmin doka, kuma tarihin ƙungiyarmu ta ƙasa, Mena, ya isa hujja a kan darajarsa. A watan Oktoba na 2011, ranar ƙarshe ta neman shiga kofin Afirka, Mena ta sha kashi uku da babu a Masar, Afirka ta Kudu kuma ta yi canjaras da Saliyo, ƴan wasan Afirka ta Kudu suka shiga rawa a fili suna zaton sun wuce da yawan ƙwallaye. Ashe ba su karanta ƙa'idar gasar ba, wadda ta ce idan maki ya zo ɗaya sai a duba sakamakon da ke tsakanin masu kunnen dokin. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowacce tana da maki tara, kuma a tsakaninsu Nijar ce kan gaba, sai ga Mena a kofin Afirka na 2012, karo na farko a tarihinta. Idan jahiltar ƙa'ida ta kunyata ƙwararru masu albashi, ina ga mu?

Ga kaɗan daga dokokin da aka fi yin rikici a kansu. Ƙwallo ba ta fita, ba ta kuma shiga raga, sai dukanta ta ƙetare layi; muddin gefenta yana saitin layin, tana cikin wasa, kamar yadda aka gani a wasan Japan da Sifen a Katar a 2022. Babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gida, kuma wanda ya yi daidai da na biyun ƙarshe na abokan hamayya bai yi sata ba. Ba kowace taɓa hannu ce laifi ba. Kuma idan alƙali ya yanke hukunci aka ci gaba da wasa, doka ba ta ba shi ikon komawa baya ba, saboda haka mai binsa da hayaniya yana neman abin da ba ya hannunsa.

Shawararmu ga masu shirya gasa ita ce su rubuta ƙa'idojinsu a takarda, a karanta wa shugabannin ƙungiyoyi kafin a buga ƙwallon farko. Su ɗauko alƙali daga garin da ba ya cikin wasan, su biya shi haƙƙinsa daga asusun gasa, kada ya karɓi ko ruwan sha daga hannun wani ɓangare. Su kuma naɗa dattawa biyu ko uku da za a kai wa ƙara bayan an tashi, domin mai ƙorafi ya san akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ga ƴan wasa, kyaftin kaɗai ya yi magana da alƙali, cikin ladabi. Ga alƙalai, ku ji tsoron Allah a kan amanar da aka ɗora muku, ku nemi ilmin dokokin daga wakilan hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, kada ku busa cikin fushi, kuma idan mai tuta ya nuna muku kun yi kuskure kafin a ci gaba da wasa, ku gyara, wannan ba ya rage muku girma. Ga ƴan kallo kuwa, kafin ka ce an yi zalunci, tambayi kanka: abin nan na shaida ne ko na ijtihadi? In na shaida ne, ka tuna alƙali bai ga abin da ka gani daga inda kake tsaye ba; in na ijtihadi ne, ka tuna ra'ayinka bai fi nasa hujja ba, kuma shi aka naɗa. Kyautata zato wajibi ne har sai ha'inci ya tabbata da hujja, in kuwa ya tabbata to a cire mai shi, kada a sake ba shi usur.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda ke da tambaya a kan wata doka, ko wata mas'ala da ta taso a filin garinsu, ya aiko mana, za mu duba ta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya shiryi zuriyarmu, ya sa mu zama masu adalci ko a kan abin da muke so.